Likitar Faɗuwar Gaba

Ƴaƴana, kun girma kuna jin tsofaffin Maraɗi suna kirana Likitar Gaba, alhali kun sani sarai ko allura ban taɓa yi wa kowa ba. Na kuma ji cewa a wajen ƴan'uwanku na Sabon Gari labarin ya juye, wai kakanku Alhaji ya kore ni daga gida saboda na yi karatun giya. Ƙarya ce tsagwaronta. Alhaji bai taɓa korata ba. Abin da ya yi mini ya fi kora ban haushi a wancan lokaci, yanzu kuwa in na tuna sai na cire tabarau na share hawayen dariya. Ba zan gajiyar da ku da jerin makarantu ba, takardun suna cikin akwati, mai so ya duba. Shekara ɗaya kawai zan ba ku, ita ce ta yi ni.

Sai kun fara sanin akushin. A gidanmu na unguwar Zariya akwai wani baƙin akushi na itace, wanda kakata ta bari. Alhaji da ƙanensa Baba Laminu, uwa ɗaya uba ɗaya, a cikinsa suke cin tuwo tun suna yara, kuma ba su daina ba har suka yi furfura. Alhaji ne mai fatauci, wake da aya da albasa zuwa ƙetaren iyaka. Baba Laminu ne direban babbar kamyon gidan. Da an sallame sallar magariba sai a shimfiɗa tabarma a zaure, a kawo akushi, ka ji su suna gardama a kan wa ya fi cin nama. Ni kuwa sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka babu wanda ya taɓa kiran sunana a cikinsu. Uwata suke ce mini, su biyun. Baba Laminu har durƙusa mini yake yi don tsokana, ina ƴar shekara shida, ya ce, "Uwata, a sa mini albarka, zan hau hanya." In dafa kansa da gaske, gida ya kwashe da dariya. Shi yake kai ni lakwal, wato makarantar boko, a gaban kamyo, ina zaune ina ɗaga wa ƙawayena hannu.

Ina shekarar ƙarshe a lise, wato sakandare, abin ya lalace. Wata rana Baba Laminu ya dawo daga tafiya, ya miƙa wa Alhaji makullan mota, ya ce ya gaji da tuƙi. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Daga nan ya fara ɓacewa da hantsi, ya dawo da la'asar ido jajur, yana tauna citta don kashe wari. Alhaji ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya kawo malamai, an sha rubutu har an gaji. Ranar da warin ya taso masa a kan akushi, sai ya wanke hannu ya tashi, ya ce wa mahaifiyata Hajiya daga yau a riƙa zuba wa Laminu nasa daban. Shi ke nan. Alhaji ya ci gaba da ci a akushi shi kaɗai, Baba Laminu kuma a wani ɗan kwanon samira, can ɗakin baya kusa da turken raguna. Ba wanda ya sake ambaton kalmar giya a gidan. Halin Laminu, haka ake cewa, a kuma sassauta murya. Ni dai abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don ina son mutumin nan. Shi ya sa da na shiga jami'a na zaɓi ilimin halayyar ɗan Adam, da na samu tafiya waje kuma na ɗauki bincike a kan yadda shaye-shayen giya da ciwon fargaba suke riƙe da hannun juna. Ban gaya wa kowa dalili ba. A takardun neman gurbi na rubuta wasu dalilai masu kyan ji.

To, shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda na dawo gida don tattara bayanan tez, wato kundin bincikena na dokta. A lokacin shekara tara ke nan da raba kwano. Na zo da jaka cike da takardun tambayoyi waɗanda farfesana ya sa wa hannu, wani dattijo mai kirki amma mai son kowane abu ya bi layi. Ni na juya su daga Faransanci zuwa Hausa, ina jin kaina kamar na gama aikin. Tambaya ta farko bayan suna da shekaru ita ce: kana shan giya?

Wayyo ni Barira! Ku dubi wauta. Ɗiyar Alhaji, da mayafi da bik na rubutu a hannu, ta tsaya gaban magidanci a Maraɗi tana tambayarsa ko yana shan giya. A Sabon Gari wani tela ya yi a'uzubillahi har sau uku, ya tofa a gefe. A Jiratawa masu lambu suka amsa mini cikin ladabi cewa su ba su ma san launinta ba, sannan don tausayi suka cika mini kwando da tumatir da zogale. A Tibiri na samu wani magini, Nomau, yana zaune gindin bedi, warin bakinsa ya riga gaisuwarsa isowa gare ni. Na karanta masa tambayar. Ya dube ni da idon mamaki.

"Giya? Mi ke nan, Hajiya? Ci ake yi ko sawa ake yi a jiki?"

Wata uku na yi a haka. Kullum in hau kabu-kabu da safe, in dawo da takardu cike da a'a. In da a ce zan yarda da abin da na rubuta, to babu mashayi ko ɗaya daga Tibiri har Jiratawa, kuma wanda ke ɗakin bayan gidanmu ma mafarki nake yi.

Ana cikin haka Alhaji ya kira ni zaure. Ashe abokansa na majalisa sun dame shi da tambaya, wai ɗiyarka da ake cewa za ta zama dokta, doktar mi ce?

"Uwata," ya ce, "gaya mini da Hausa, ba da yaren lakwal ba. Mi kike bincike?"

"Shan giya, Baba, da kuma..."

"Subhanallahi! Kada in sake jin wannan kalma a gidan nan. Ɗaya rabin fa? Kin ce da kuma."

Nan na tsaya ina lalube. Kalmar tana kaina da Faransanci, ta ƙi saukowa. Na ce damuwa. Ya ce kowa na da damuwa, shi ma yanzu ga ta na ba shi. Na ce tsoro. Ya ce tsoron mi, kura ko ɓarawo? Na ce wani tsoro ne da ba a ganin abin da ake tsoro, zuciya ta yi ta bugawa, gumi ya karyo, mutum ya ji kamar yanzu zai mutu. Hajiya tana daga soron ciki tana tsinke zogalen nan na Jiratawa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Faɗuwar gaba ke nan," ta ce. "Shi ne sai an je ƙasar Turawa?"

Fuskar Alhaji ta washe kamar an ce farashin wake ya tashi. Ya buga cinya.

"Alhamdulillahi! Likitar faɗuwar gaba. Shi ke nan, tashi ki tahi."

Na yi ta bayani cewa ni ba likita ba ce, kuma ya yanke rabin aikina ya jefar. Ina! Kafin la'asar ya sanar a majalisa, kafin Juma'a ya sanar a masallaci. Na yi fushi sosai, na kwana biyu ina gaishe shi a taƙaice. A ganina kunyata yake ji, ya lulluɓe ni da ƙarya don ya tsira da mutuncinsa. Kuma gaskiya ne, hakan ne.

Ranar Asabar da safe Hajiya ta leƙo ɗakina tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce in fito in ga baƙina. Na fito na tarar da mutane a ƙofar gida, kowa da hannu a ƙirji. Wata mai sayar da ƙosai, wani ɗan kabu-kabu, wani dattijo dillalin shanu da carbi. Na rantse musu ba ni da magani ko ƙwaya ɗaya, na ce mai ciwon zuciya ya tafi asibiti a auna shi. Suka ce sun ji, amma tunda sun zo bari dai su faɗa. Alhaji kuwa, don ƙaryarsa ta zauna da gindinta, ya sa aka share mini shagon da ke jikin zaure, aka sa tebur da kujera biyu, aka ajiye dogon benci a waje. Haka na samu biro, wato ofis, na farko a duniya.

Abin da na ji a shagon nan ban taɓa karanta irinsa ba. Mutanen da suka ƙi buɗe mini bakinsu wata uku, yanzu sai na roƙe su su tsagaita. Mai ƙosai ta ce nata gaban yana faɗuwa ne da an kira sallar asuba, tun ranar da aka zo mata da labarin rasuwar ɗanta a daidai wannan lokaci. Dillali ya ce nasa sai ya shiga tsakiyar kasuwa. Ina ta rubutawa a kaye, littafin rubutuna, amma ban san inda zan kai zancen ba, don ba wannan aka aiko ni nema ba. Wata rana ina ba Hajiya labari a kicin, ba tare da sunan kowa ba, sai ta ce:

"To ke, in sun gaya miki ya faɗi, kina tambayarsu da mi suke tsayar da shi?"

Na saki ludayin da ke hannuna. Na yi shekaru ina karatu a ƙasashe biyu, ga tambayar tana zaune a kicin ɗinmu tana kwaɗa zogale.

Washegari na fara. In mutum ya gama, sai in ce, to in ya faɗi, da mi kake tsayar da shi? Wani ya ce addu'a. Wata ta ce sai ta fita ta tsaya cikin mutane. Wani ya ce shayi mai ɗaci, wani ƙwayoyin da ake saye a bakin tasha. Sannan, ɗaya bayan ɗaya, aka fara samun masu duban ƙofa, su matso da kujera, su ce, "Da abin nan." Ni kuma tun daga farko nakan gaya wa kowa gaskiya: bincike nake yi, har da na shaye-shaye, zan rubuta amma ba da suna ba, wanda bai yarda ba ya faɗa in ajiye bik. Kaɗan ne suka ce in ajiye. Ana nan sai ga Nomau magini daga Tibiri, ya sha wanka, ya zauna ya ba ni labarin yadda ƙafafunsa suke mutuwa in ya hau tsani, da yadda ƙwarya ɗaya ta burkutu take mayar masa da su, da yadda ɗayar ta zama huɗu. Na ce masa, ashe dai ba sawa ake yi a jiki ba? Ya yi dariya har da tari. Shi da kansa ya ce in na tashi ba da labarin nan kada in ɓoye sunansa, shi ya sa kuka ji shi.

"Hajiya, ai ke kika yi laifi," ya ce. "Kin tambaye ni abin da na sha. Ba ki tambaye ni abin da ya sha mini kai ba."

Nan shawara ta same ni. Na rubuta wa farfesana cewa zan ajiye takardun da ya sa wa hannu, in sake tsara binciken daga tushe, a fara da faɗuwar gaba. Amsarsa ta zo da ladabi da sanyi. Ya ce yana ganin hikimar abin, amma sai an sake neman izini, sai na ƙara aƙalla shekara, kuma gurbin aikin da ya riƙe mini a wajensu ba zai jira ba. Na so gurbin nan, kada in yi muku ƙarya. Na riga na ga kaina a can, da ɗakin karatu mai ɗumi da sunana a ƙofa. Na yi kuka na kwana ɗaya, na tashi na rubuta masa cewa a ba wani. Abin da ya sa kuka tashi a nan ke nan, kuna shan fura, maimakon can kuna ƙanƙara.

Duk wannan hidima, mutum ɗaya nake jira, kuma shi kaɗai ne bai zo ba. Kullum Baba Laminu zai wuce ta gaban bencin nan, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Uwata, sannu da aiki," ya fice. Ban kira shi ba. Na san in na kira shi, na zama Alhaji na biyu.

Wata Talata da hantsi na leƙo don kiran na gaba, sai na gan shi zaune a ƙarshen benci, cikin farar riga wankakkiya da hula, a ƙofar gidan ubansa, yana bin layi kamar baƙo. Ɗan kabu-kabun da ke gabansa ya tashi ya ce ya wuce, ya ƙi. Alhaji yana zaure yana ganin komai, ya ɗaga jarida ya rufe fuska, shi da ba ya karanta boko. Da layi ya zo kansa ya shigo, ya ja ƙofa, ya zauna. Na ajiye bik, na ce masa wannan ba ta shiga tez.

"Uwata, an ce kina tambayar yaushe ya fara faɗuwa."

"Haka ne, Baba."

"Kin san gangaren nan bayan Jiratawa, in za a kudu?"

Ya ce ranar yana ɗauke da wake, mota cike maƙil, burki ya tsinke masa a gangaren, ga mata sun taso daga lambu da kwanduna a ka suna tsallaka gudron, wato titin kwalta. Ya danna oda, ya yi salati, ya karkatar da kan mota cikin yashi. Allah ya tsare, ko kaza bai taka ba. Aka gyara burki, ya kai kaya, ya dawo. Amma tun daga ranar, da ya kama sitiyari sai gabansa ya yanke ya faɗi, idonsa ya rufe, ya ga kwandunan nan. Daga baya ma ba sai ya hau mota ba, ƙarar inji kawai ta isa. Wani abokin tuƙi ya ba shi kurɓi ɗaya, ya ji ƙirjin ya lafa, sauran kuma na sani.

"Baba, mi ya hana ka gaya wa Alhaji?"

"In ce masa mi? In ce direban gidanka yana tsoron hanya? Na ga gara a ce mini mashayi da a ce mini matsoraci."

Shekara tara a ɗakin raguna, saboda wannan. Na ji kamar in rungume shi, na ji kuma kamar in maƙure shi. Na ce masa abin da yake da shi ciwo ne sananne, yana da suna, ana kuma samun sauƙinsa, kuma na ji irinsa daga bakin maza da yawa a kan kujerar nan da yake zaune. Ya ɗago ya ce, da gaske? Maza? Na ce har da masu gemu fiye da nasa.

Ba a rana ɗaya aka yi ba, kada wani ya ba ku labarin mu'ujiza. Na kai shi wajen wani likita na gaske a asibiti, don wanda jikinsa ya saba da giya ba a yanke masa ita farat ɗaya, tana iya kayar da shi. Likita ya riƙe wancan gefe, ni da shi muka riƙe hanya. Akwai wata tsohuwar akori-kura a gidan da ake ɗebo ciyawar raguna da ita. Makon farko zama kawai muke yi a ciki, ba a tayar ba. Mako na biyu ya tayar, muka ji ƙara, ya kashe. Sannan muka zagaya unguwa a hankali har masu tura baro suna wuce mu suna yi mana sannu. Yana tuƙi yana gumi yana zagin motar, ni ina ƙirga masa numfashi. Ranar da muka kai Tibiri ya tsaya ya saya mini rake, ya ce ladan uwa. Ranar da muka sauka gangaren Jiratawa kuwa, ya tsaya a ƙasa, ya fito, ya dubi hanyar, ya fashe da dariya yana kuka.

"Uwata, dubi abin! Wallahi a kaina ya fi haka tsawo sau goma."

Masu lambu suka gane ni, suka sake cika mana mota da tumatir. Muka dawo yana waƙa, da muryarsa mai kama da ta tsohon inji.

Amma akushi yana nan yadda yake. Alhaji yana ganin fitarmu da dawowarmu, sai ya kau da kai. Baba Laminu ya hana ni gaya masa komai, ni kuma amana ce, na riƙe. Kullum magariba Hajiya ta zuba biyu, ɗaya zaure, ɗaya ɗakin baya. Abin ya fara ba ni tsoro, don na ga Baba Laminu yana dawowa mutum, kuma mutum in ya dawo ya tarar ba a buɗe masa ƙofa ba, komawa yake yi.

Wata Alhamis bayan la'asar, mutane sun watse, ina tattara kaye, sai na ji an yi gyaran murya. Alhaji ne zaune a kan benci, da babbar riga, shi kaɗai.

"Baba, lafiya?"

"Layi nake bi. Ko ba a ganin masu gida?"

Ya shigo ya zauna a kujerar baƙi. Ya dubi rufi, ya dubi tebur, ya gyara hula. Can ya ce:

"Ni ma nawa yana faɗuwa."

Na yi masa tambayar da nake yi wa kowa. Na ce yaushe?

"In an kawo akushi."

"Tun yaushe, Baba?"

"Kin sani."

"To in ya faɗi, da mi kake tsayar da shi?"

Ina jin raguna suna kuka a baya, ana zuba musu dusa.

"Da fushi," ya ce. "Shekara tara ina sha. Ban ga ya yi mini magani ba."

Sai ya dube ni, ba kamar yadda uba yake duban ɗiya ba. Ya ce tun da tsohuwa ta rasu ba wanda ya isa ya ba shi umarni a gidan nan, kuma ya gaji. Ya ce ni ke riƙe da sunanta, in faɗa masa abin da zai yi. Ni kuwa na gyara zama, na ɗaure fuska yadda aka ce tana yi, na ce ya je ya tambayi ƙanensa abin da ya faru a gangaren Jiratawa, ya kuma rufe bakinsa har a gama ba shi amsa. Ya ce, "To, Uwata." Ya tashi ya nufi ɗakin baya. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba har yau. Na dai ga Hajiya ta tsaya da muciya a hannu tana kallon ƙofar ɗakin, har tuwo ya kusa kamawa.

Da aka dawo daga sallar magariba, Alhaji ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya yadda har maƙwabta sai da suka ji.

"Hajiya! Kwano ɗaya za a zuba. Laminu ya sha giya, ni na sha fushi, an yi biyu babu. A kawo akushi."

Kalmar da ya hana a faɗa, shi ya fara faɗar ta, da ƙarfi kuwa. Hajiya ta rangaɗa guɗa, ita da ke cewa guɗa ba ta matan Alhazai ba ce. Ni na ɗauki akushin na kai zaure da hannuna. Suka wanke hannu. Baba Laminu ya kasa yanko loma. Alhaji ya yi kamar bai gani ba, ya tura masa tsokar nama gabansa, ya ce, "Ci, ka rame kamar ba ɗan gidan nan ba." Baba Laminu ya ce, "Yaya, ai kai ka cinye rabona na shekara tara, dubi cikinka." Na bar su suna gardama, na koma soro na zauna a ƙasa na yi kuka mai daɗi.

Tez ta fito a makare, na koyar, na yi ritaya, ɗalibaina sun watsu ko'ina, kuma duk wanda ya bi ta hannuna ya san tambayar Hajiya kafin ya san sunan kowane Bature. Alhaji bai daina kirana Likitar Gaba ba, amma in baƙo ya tambaya yakan ƙara da cewa, "Da giya. Ku rubuta, da giya."

Abu ɗaya ya rage, shi ne wanda ƴan Sabon Gari ba su ba ku ba. Baba Laminu ya sake faɗawa cikin giya. Sau biyu, a iya sanina. Na farkon bayan wata bakwai ne, ranar da aka binne wani abokin tuƙinsa. Aka kawo shi gida da rana tsaka ba ya gane kowa, aka kwantar da shi. Kowa a gidan yana satar kallon Alhaji. Da magariba Hajiya ta ɗauko ɗan kwanon samira, ta tsaya tana jiran abin da za a ce. Alhaji ya dubi kwanon, ya ce ta ba raguna ruwa da shi. Ya sa aka zuba a akushi, aka rufe da faifai, ya ɗauka da kansa ya kai ƙofar ɗakin ƙanensa, ya shimfiɗa buzu ya zauna yana jan carbi.

Na ce, "Baba, tuwon zai huce."

Ya ce, "Ya huce. Tare za mu ci shi da sanyinsa."